Safa Marar Dunduniya

An yi wata tsohuwa a wani gari, tana zaune da jikarta. Duk shekara in sanyi ya shigo, sai tsohuwa ta ɗauko zare ta saƙa wa yarinyar safa, ita kuwa yarinya ta riƙa karanta mata littafi, don idon tsohuwa ya daina ganin rubutu.

Wata rana yarinya tana ɗokin fita wasa, sai ta haɗa shafuka ta juya. Manomin da ke cikin littafin, wanda ya ɓata a daji, sai ga shi a gida yana cin tuwo.

Tsohuwa ta ce, "Ke ƙawata, wa ya nuna masa hanya?"

"Haka aka rubuta, Kaka."

Gobe haka, jibi haka. Ran tsohuwa ya ɓaci ƙwarai. Wato don ba ta gani shi ne za a mai da ita sakarya? Ta ci gaba da saƙa.

Ran da sanyi ya tsananta, ta miƙa mata safar. Yarinya ta zura ƙafa, dunduniya ta leƙo waje.

"Haba Kaka! Ina sauran?"

Tsohuwa ta ce, "Haka aka saƙa. Ɗauko littafin nan, mu koma daji mu nemo manomi."