Katin Zaman Makanike

Sufeto bai gama kurɓar shayin safe ba wani makanike ya faɗo ofis yana haki.

"Ranka ya daɗe, an sace min katin zama."

Sufeto ya ajiye kofi. A ƙasar nan baƙo ba ya wasa da wannan kati. Wanda aka tare babu shi, gidan yari zai fara kwana, daga can sai jirgi. Wanda nasa ya ɓata kuwa, kwana ɗaya rak doka ta ba shi ya kai rahoto.

"Ina ka ajiye shi?"

"A akwatina. Jiya hutu nake, wanki na wuni yi a can bayan gidanmu. Yau na buɗe, wayam. Abokan aiki sun ce in yi shiru in nema a hankali, amma wallahi na kasa. Shekarata shida a nan, ko jar fitila ban taɓa tsallakewa ba."

Sufeto ya sa kofur ya bincika lambar katin a na'ura, shi kuma ya bi makanike zuwa gidan hayar da yake zaune.

Ɗakin ƙarami ne, katifa biyu da risho da akwatin ƙarfe. Sufeto ya tsuguna ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu, da makulli aka buɗe shi.

"Wa ya san inda kake ajiye makulli?"

"Sai ƙanena, Dogo. Amma shi ba zai..."

Dogo na kwance cikin bargo yana nishi. Da ya ɗago, Sufeto ya dubi fuskarsa, ya dubi ta makanike. Hanci ɗaya, goshi ɗaya.

"Jiya ina kake?"

"Nan nake, yallaɓai. Zazzaɓi. Ko ƙofar gida ban leƙa ba."

"Naka katin fa?"

"Yana ofis, ana sabunta shi."

Sufeto ya fita tsakar gida, inda mai gidan, wata dattijuwa, take shanya.

"Baba, jiya Dogo ya fita?"

"Ina! Yaron da ko ruwa sai an miƙa masa? Ai tausayinsa ne ma ya hana ni yi masa tas, da ya shigo min da siminti a ƙafa bayan na gama shara..."

Ta kama baki. Sufeto ya yi murmushi kawai.

Nan wayarsa ta yi ƙara. Kofur ne. An nuna katin jiya da ƙarfe bakwai na safe a ƙofar wani wurin gini, inda ake ɗibar sababbin lebura.

Sufeto ya koma ɗaki, ya jawo takalman aikin Dogo daga bayan ƙofa. Busasshen siminti na zuba daga jikinsu. Ya zura hannu a na hagu, ya zaro katin.

Nishin Dogo ya tsaya cak.

"Yaya, ka yafe ni," ya ce. "Nawa ya mutu tun wata uku, sun ƙi sabuntawa. Kunya ta hana ni faɗa maka. Na ce tunda muna kama, in ara in sami aiki. Da na dawo kana ɗaki, na rasa yadda zan mayar."

Makanike ya zube a kan katifa.

"Yallaɓai, ni fa? Da sunana aka shiga can."

"Kai ka zo a kan lokaci, da ƙafarka. Da ka bi shawarar abokanka, ku biyu zan tasa gaba yanzu. Sa hannu a nan, karɓi abinka."

Makanike ya sauke ajiyar zuciya, ya sa hannu, ya karɓi katinsa.

Sufeto ya juya ga Dogo. "Zan rubuta cewa ka amsa laifinka ba gardama. Alƙali kan duba wannan. Wataƙila gida kawai za a mayar da kai."

Bai ciro ankwa ba. Suna bakin ƙofa makanike ya biyo su da rigar sanyi, ya yafa wa ƙanensa.

"To me zan ce wa Inna?"

Dogo ya share ido, har da 'yar dariya.

"Ka ce mata ina tafe. Dama kullum kukanta ke nan, in dawo."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar mota, ya shiga.