Na Rufe Ido a Gidan Su Taegon

"Ita kuma wannan me take yi haka?"

Muryar Gwaggo Okja ce, ƙanwar mahaifin saurayina Taegon. Na buɗe ido, sai ga mutum goma sha huɗu sun tsayar da cokali suna kallona. Hannuwana a haɗe, kaina a sunkuye.

Addu'ar cin abinci na yi. A gidan da aka roƙe ni kada in kuskura!

Tun a motar zuwa garinsu Andong don bikin kaka, wato girbi, Taegon yake ja mini kunne. Shi ne ɗan farin gidan, hidimar ajiye wa kakannin da suka rasu abinci duk a wuyansa take, sau goma sha ɗaya a shekara.

"Yeorim, abar ƙaunata, yau kaɗai. Tura gicciyen nan cikin riga. In an tashi durƙusa wa kakanni ki zauna a kicin, ba a tilasta wa wadda ba a aura ba. Bari Mama ta so ki tukuna."

Na kuwa bi. Ni da ko a kantin maganin da nake aiki bakina ba ya rabo da waƙar coci, ranar bikin kakar nan na haɗiye komai. Na soya kifi da kabewa har mai ya ƙona mini hannu. Maza na durƙusawa gaban allunan sunayen matattu, ni ina dirzar tukunyar da ba ta da datti. Har Mama ta ɗanɗana miyata ta gyaɗa kai.

Sai da aka sauko da abincin kakanni aka zauna ci, jikina ya tona ni. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kai loma baki ido a buɗe ba, ina zan tuna?

"Ai na faɗa muku," in ji Gwaggo, har da gyara zama. "Na ga hotonta cikin mawaƙan coci, shi ya sa na zaunar da ita a gabana. Ga 'yar ƙawata nan, ta san jeren teburin kakanni tun tana goye, an ƙi ta an kwaso mana 'yar halleluya."

"Gwaggo, ciwon kai ne yake damunta," Taegon ya faɗa da sauri.

Ya dube ni. Idonsa cewa yake, ki ce e, don Allah ki ce e...

"Addu'a na yi," na ce. "Ni Kirista ce."

Mama ta ajiye cokali. "Biyo ni."

A bayan gida muka tsaya, tsakanin tulunan miya. Na shirya wa zagi, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Mu ga hannun." Ta juya shi tana duba ƙunar. "Ba na ƙin ki, 'yar nan. Shekara talatin da huɗu ina dafa wa mutanen da ban taɓa gani ba, gwiwata ta ƙare. Yanzu mijina ma yana cikinsu. Duk ranar da ya cika shekara da rasuwa yakan zo ya ci. In na bi shi, wa zai zuba mana shinkafa?"

"Zan dafa, Mama. Zan share kabarinku, zan tara jikokinku in ba su labarinku..."

"Za ki durƙusa?"

"A'a, Mama."

"To ni ma ban san yadda zan mutu in bar shi da yunwa ba."

Ta share ido da gefen riga ta shige ciki. Ban taɓa jin na rasa abin yi irin na ranar ba, babu mugu a cikinmu balle in ji haushinsa.

Taegon ya kai ni tasha da rana tsaka, muka tsaya kusa da motar da za ta mai da ni Seoul.

"Durƙusawa ce fa kawai, Yeorim. Gwiwa ƙasa, goshi ƙasa, zuciyarki ki kai ta inda kike so. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya. Wuni ɗaya na ɓoye, ka ga yadda na ƙare. Kai za ka iya barin kakannin?"

"Ba ni da ƙane," ya ce.

Ina son mutumin nan har cikin ƙashina, shi ma ya sani. Na cire zoben baikonmu na sa masa a tafin hannu, ya riƙe yatsuna ya ƙi saki, sai da direba ya danna oda.

Na zauna kenan ya ƙwanƙwasa taga, ya miƙo mini ƙunshi mai ɗumi a ɗaure da ƙyalle.

"Mama ta ce ba ki ci komai ba." "Sabo ta dafa. Ta ce in gaya miki wannan bai hau teburin ba, ki yi addu'arki ki ci."