Shingen Gonar Tsohuwa

A wani zamani an yi wani mahayi da ruwa ya cinye masa hanyar gida, dole sai ya tsallake shingen gonar wata tsohuwa. Kullum in ya iso shingen sai ya banƙare a kan sirdi, ya ja linzami. Kullum doki ya bugi shinge, ƙaya ta yage masa ƙafa. Kullum tsohuwa ta ɗauki gatari ta gyara shingen.

Ran nan ya sauka a gajiye, ya dubi jinin, ya ce, "Iya, na gaji. Gobe zan sayar da shi, bai iya tsalle ba."

Tsohuwa ta ce, "Ni ma na gaji, ɗan nan. Amma na yi goyo tara. In zan tsallake kwata, wanda ya lafe a bayana ba na jin nauyinsa. Wanda ya banƙare shi ke kayar da ni."

Mahayi ya koma wajen dokinsa. Ya hau, ya taka likkafa, ya duƙa wajen wuyan dokin, ya sassauta linzami. Doki ya haye, ko ƙaya ɗaya bai taɓa ba.

Tsohuwa ta ajiye gatarinta, ta zauna, ta miƙe ƙafa.