Wayoyin Madam Millicent

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka shigo da Madam Millicent ofishin 'yan sanda. Mutum bakwai ne suka taso ta a gaba tun daga shagonta na Pantami, kowa da waya a hannu, kowa da abin faɗa.

Sufeto Hamman ya bar su suka yi hayaniyarsu har suka gaji. Ba ya son katse mutum yana cikin fushi, don a nan ne ake sakin maganar da ba a shirya ba. Da suka lafa sai ya nuna wani dattijo mai farar hula.

"Baba, kai za ka yi magana. Sunanka?"

"Malam Uzairu, ranka ya daɗe. Malamin firamare ne ni a Nasarawo. Matar nan ta sayar mana da wayoyin jabu."

Wayar dai kowa ya san ta a Gombe. Ita ce mafi arha a cikin masu shafawa, naira dubu saba'in, har matasa suka laƙaba mata suna Rufin Asiri. Hotonta dishi-dishi ne, kuma kafin ta buɗe saƙo mutum zai iya shan ruwa ya dawo. Abin da ake yabonta da shi ɗaya ne, riƙe caji.

"Wata biyu na yi ina tara kuɗinta," in ji Malam Uzairu. "Ta ce mini kwana biyu take yi ba caji. Sati uku da saye, sai ta koma awa biyu."

Sufeto ya juya ga matar. Ta kai shekara arba'in da biyar, kuma tun da mijinta ya rasu shagon nan ne ke riƙe da gidanta. Da safiyar nan shugaban layin masu sayar da waya ya garƙame shi da kwaɗo, ya ce in har laifin ya tabbata, ran Juma'a za ta kwashe kayanta ta bar layin.

"Madam, daga ina kike saro su?"

"Daga Kano, yallaɓai. Wajen dila."

"Kina buɗe kwalin kafin ki sayar?"

"Ban taɓa ba. Yadda suka zo haka nake miƙawa."

Ta amsa da sauri fiye da yadda tambayar ta buƙata. Sufeto ya lura da hakan.

Bayan an sallami masu ƙara, Saje Dokas, wadda ke rubuta bayanai, ta ciro waya daga aljihunta ta ajiye a kan tebur. Rufin Asiri ce.

"Yallaɓai, wata biyar ke nan ina riƙe da ita. Hoto kam sai haƙuri, in na ɗauki 'yata sai ta fito kamar an shafa mata toka. Amma caji? Daga Lahadi har Talata."

"A ina kike caji?"

"A nan ofis."

Sufeto ya ɓalle murfin wayarta, ya ɓalle na ɗaya daga cikin wayoyin da aka kawo shaida. Batirin Dokas sumul yake. Ɗayan kuwa ya ɗan kumbura, gefensa duk ƙarce, takardar jikinsa ta koɗe. Wayar sati huɗu, batirin ya fi shekara.

Ya duba adireshin masu ƙara. Dukkansu bakwai 'yan Nasarawo ne, alhali Madam Millicent ta sayar da irin wayar har Jekadafari, kuma babu wanda ya zo daga can.

Da azahar shi da Dokas suka hau keke napep zuwa Nasarawo. Taransifomar layin su Malam Uzairu ta ƙone tun wata biyu, don haka kowa ya koma kai waya rumfar caji. Rumfar ta Sammy ce, wani magidanci mai fara'a wanda ba a wuce shi ba tare da ya tsokani mutum ba. Janareta na ruri a baya, wayoyi sun fi sittin jere a kan katako, kowace da lambarta.

"Oga, sannu da zuwa! Maganar Madam ce ko? Ai ni na ce musu su je su nemi haƙƙinsu."

"Kana buɗe wayoyin mutane?"

"Ni? Allah ya kiyaye. In soka in cire, shi ke nan aikina. Oga, wayar arha ai haka take, kuɗinka ne ke ba ka abin da ya ba ka."

"Kana sayar da batir?"

"Jefi-jefi. Daga Legas ake turo mini."

Sufeto ya yi masa godiya ya tafi. A hanya Dokas ta ce mutumin yana da kirki. Sufeto ya ce shi ma ya ga haka.

Gidan Malam Uzairu suka biya. Tashi wayar na hannunsa, don bai yarda ya bar ta a ofis ba, da ita yake karɓar saƙon makaranta.

"Baba, yanzu yaya take?"

"Lafiya lau. Tun da na sayi sabon batir wajen Sammy, dubu shida, ta koma kwana biyunta. Kun ga ai shaida ke nan, ruɓaɓɓe matar nan ta sa mini."

Sufeto ya karɓa ya buɗe. Batirin sabo ne fil. A kusurwarsa ta ƙasa akwai wani ɗan ɗigo ja. Dokas ta kankara shi da farce, ta sunsuna.

"Jan farce ne, yallaɓai."

Suka koma ofis. Sufeto ya ajiye batirin a gaban Madam Millicent. Ta dube shi, ta dubi yatsunta, sai hawaye.

"Na yi ƙarya, yallaɓai. Ina buɗewa. Duk wayar da ta zo sai na kunna ta wuni guda na gwada, in batirin ya yi kyau in ɗiga masa jan farcena, in mayar in liƙe kwalin. An taɓa haɗa ni da marasa kyau, shi ya sa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Mutanenmu ba sa son kwalin da aka buɗe. Ga shi ana cewa na musanya kaya. In na ce ina buɗewa, ai na gama kashe kaina."

Kafin la'asar an dawo rumfar Sammy da takardar bincike. A ƙarƙashin benci aka samu gwangwanin madara cike da batira goma sha tara. Sha ɗaya daga ciki na ɗauke da jan ɗigo.

"Na Legas ne, Oga."

"A Legas ake shafa musu jan farcen Madam Millicent?"

Fara'ar ta tafi. Sufeto ya jera masa abin dalla-dalla: waya ta zo caji, ya cire sabon batir ya sa tsoho, mai ita ya dawo yana kuka, ya zagi arha tare da shi, sannan ya sayar masa da sabon batirin da ya cire.

Sammy ya zauna a kan benci. "Man janareta ne ya yi tsada, Oga. Da ɗaya na fara. Da na ga duk wanda tashi ta lalace sai ya ce dama ai mai arha ce, babu mai tambaya, sai na ci gaba."

Malam Uzairu na tsaye cikin 'yan kallo. Kunya ta rufe shi.

Aka sa wa Sammy ankwa. A ofis Sufeto ya shaida wa Madam Millicent cewa za ta iya tafiya, zai rubuta wa shugaban layinsu takarda a buɗe mata shago. Ba ta motsa daga kujera ba.

"Takarda mutum ɗaya ne zai karanta, yallaɓai. Gobe in na buɗe, wa zai shigo?"

Sufeto ya miƙe. Motar da za ta kai Sammy babban ofis tana waje, direba har ya tayar. Sufeto ya leƙa ta taga ya ce wa direban ya kashe, ya je ya jira su a ƙarshen layin 'yan waya.

A ƙasa suka bi layin, Sammy a gaba da ankwa, Dokas riƙe da gwangwanin a buɗe. A ƙofar kowane shago Sufeto sai ya tsaya, ya bar Sammy ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa.