Ɗan Birin da Ƙasimu Ya Kife da Kwando

Lawali, Barira, ku matso. Kai ma Ƙasimu zauna, don kai na tara su. An ce ka kamo ɗan birin dare, irin mai ƙwala-ƙwalan idanun nan, ka kife shi da kwando a ɗakin da jaririyarka ke kwana. An ce ka rantse ba ka sakinsa.

To, ji.

Kana wata huɗu na shiga dajin dakwara ɗibar ƙaro, rana ta faɗi mini a can. Su birin daren ma ƙaron suke ci. Uwar takan ajiye ɗanta a reshe ta tafi kiwo, ta dawo ta ɗauke shi a baki. Lokacin ban sani ba. Na ga ɗaya maƙale shi kaɗai, na ce yasasshe ne, na jefa shi a ƙwaryata.

Da asuba sukan kira juna, su taru su kwanta wuri ɗaya. Ran nan kiran bai tsaya ba. Kamar jarirai ɗari a bayan dangarmu.

Sai sallama. Wata gajeruwar mace, a lulluɓe. Hannunta jiƙe, yana zarni. Na dubi ƙasa. Ƙafafunta hannaye ne, yatsun sun damƙi dokin ƙofa.

Ta tambayi ajiyarta. Kun san bakina. Na ce ban ga komai ba, ta fita kafin in ɗauko taɓarya.

"Ke ma kina ajiyewa," in ji ta.

Kanta ya juya baya. Jikin bai juya ba.

Da hantsi na koma daji, taurin kai. Na kwantar da kai kan zane a inuwa, na sunkuya tsintar ƙaro. Na ɗago, zane kaɗai. Kukanka daga sama. Kana ƙololuwar gawo, kan reshen da bai kai damtsena kauri ba, kana mutsu-mutsu.

Na fito da ɗan nasu daga ƙwarya, na aza a reshe, na ba su baya. Ban waiga ba sai da kukan ya sauko ƙasa. Kana kan zanenka, ƙeyarka jiƙe da yawu.

Shafa wurin. Tabon nan ba da shi na haife ka ba. Ƙarya na yi maka.

Kada ka yi mini wannan murmushin. Yau da asuba na ji kiran a bayan katangarka.

Lawali, Barira, ku ne manyansa. Ku kashe maganar nan kafin magariba. Ku raka shi ya mayar, kada ya bi hanyar nan shi kaɗai. In ya ƙi, ku kawo mini yarinyar in goya ta. Kuma ba mai sa ni in sauke ta, ko uwarta.