Ka Ce Mata To

"Ki kwantar da hankalinki, ai zancen nan iyakarsa numfashin Mama ne."

Tana cikin ɗakin ajiya, kwalbar man zaitun a hannunta, maganar ta shigo ta taga. Yayar saurayinta Auta ce ke waya a baranda, ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya. Ta ƙara da cewa Auta tausayi ne ya yi masa yawa, in ba haka ba ina shi ina mai matsa wa tsofaffi ƙafa?

Ba ta fito ba sai da ƙarar takalmin ta yi nisa.

A gidan jinyar nan take aiki, inda ake kawo waɗanda asibiti ya gama iya ƙoƙarinsa a kansu. Ita ba nas ba ce, ba ta allura, ba ta ba da magani. Tausa ce aikinta. Akwai mai koya musu zane, akwai mai jita da ke zuwa ya kaɗa musu a lambu, ita kuma hannu da ƙafa da kafaɗa ne nata. Marasa lafiyar suka sa mata Hannun Sanyi, sunan ya bi ta har wajen masu gadi.

Ranar da aka kawo Mama, mahaifiyar Auta, ciwon daji ya cinye ta sai idanu, Auta ya tsaya a kanta kamar an dasa shi, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ita da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ranar ita ta fara yi masa magana. Ta nuna masa yadda ake ɗumama mai a tafi kafin a taɓa fata, yadda ake farawa daga wuyan hannu, da inda ba a dannawa saboda kumburi.

Sannan ta gaya masa dokar gidan.

"Wanda ya zo nan ba a yi masa gardama. In ta ce gobe a kai ta gida, ka ce mata to. In ta kira ka da sunan babanka, ka amsa."

Ya koya kuwa. Kullum ya tashi aiki sai ya zo, ya naɗe hannun riga, shi hannun dama ita hagu. Mama tana lumshe ido tana tsokanarsa, wai hannunsa kamar na mai fasa dutse, yarinyar nan ta fi shi sau dubu. Wata rana da yamma ta kamo hannayensu, duk maiƙo, ta haɗa a kan ƙirjinta.

"Auta, wannan nake so ka riƙe mini."

"To, Mama."

A lokacin, daɗi bai bar ta ta saurari amsar da kyau ba. Ya fara raka ta bakin titi, ya fara kiranta Sanyina, har zobe ya kawo, Mama da kanta ta zura mata. Sista babba tana ta yi mata tsiya, wai an zo jinya an tafi da ma'aikaciya, su wa zai matsa musu baya yanzu?

Sai yau, a ɗakin ajiya, amsar ta dawo mata da muryarsa sak.

To, Mama...

Ita ta koya masa. Da bakinta.

Daga ranar ta zuba ido, dama kallo ne gwanintarta. Ta lura kalmar Sanyina ta fi fitowa daga bakinsa in suna gaban gado. Ta lura in sun fito baranda wayarsa yake fara lalubowa, in wani suna ya haska sai ya kifa ta a cinya. Bai taɓa yi mata tsawa ba, bai taɓa saɓa lokaci ba. Yana lallaɓa ta a hankali, da murmushi, daidai yadda ake lallaɓa mutanen gidan.

Sau nawa tambayar ta zo mata har maƙogwaro ta haɗiye. Ta ce wa kanta saboda Mama ne, kada tsohuwa ta ga canji a fuskokinsu. Amma ta san tsoro ne ya fi yawa.

Wata safiya tana shafa wa Mama ƙafa, tsohuwar ta buɗe ido.

"'Yata, yana kula da ke dai ko?"

"Sosai, Mama."

"Kin kwantar mini da rai."

Ta sunkuya kamar mai duba dunduniya, hawaye suka ɗiga cikin man.

Da hantsi Mama ta cika, hannunta ɗaya a nasa, ɗaya a nata. Da aka zo kwashe kaya, Yaya ta dafa kafaɗarta a gaban kowa, ta ce Allah ya biya ta, ta yi aikinta yadda ya kamata. Aikinta. Ta ninke zanen gadon, ta wanke hannu, ta wuce ɗaki na gaba, don wani tsoho na jiran a matsa masa kafaɗa.

Makonni suka shuɗe, babu kira, babu saƙo. Zoben na yatsanta, in za ta yi tausa ta cire, in ta gama ta mayar, tana jin haushin kanta.

Rannan mai jita na kaɗa wa marasa lafiya a lambu, Sista ta taɓo ta da gwiwar hannu.

"Ga mutuminki can a benci. Ya rame."

Ya rame ɗin kuwa. Ta zauna a ɗaya ƙarshen, ya fara magana. Ya ce a gida an tayar masa da hankali, Yaya ta rantse in dai auren nan ne, ba da ita ba. Ya ce akwai wata a ofishinsu, sun daɗe tare tun kafin ciwon Mama, ya kamata ya gaya mata tuntuni. Ya je ya sallame ta jiya, ta yi kuka har ta ba shi tausayi.

"Amma na gaya musu duka, ba gudu ba ja da baya. Na yi wa Mama alkawari, Sanyina. Alkawari kaya ne, kuma zan ɗauka."

Kaya...

Ya faɗa yana kallonta kamar mai jiran a gode masa.

Ta zare zoben, ya fita da sauƙi don yatsan da sauran maiƙo. Ta ajiye shi a kan benci, tsakaninsu. Can gefe wata tsohuwa a keken guragu tana tafa wa mai jita, ba ta ko bin kiɗan.

"Me ya faru? Na ce miki zan cika."

"Na ji." Karon farko ba ta sunkuyar da kai ba. "Mama ta huta, ka bar ta ta huta. Babu mara lafiya a bencin nan, Auta, ba sai ka lallaɓa kowa ba."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Kai nake tambaya, kai kaɗai... ka taɓa sona?"