Filin Bayan Makaranta

"Ungo zobenka, Fintan."

Fintan bai miƙa hannu ba. Yana tsaye jikin ƙyauren gona, takalman robarsa duk kashin shanu, yana kallon Dervla kamar ta yi masa wani yare.

"Haba abar ƙaunata, da sassafen nan? Ko karyawa ban yi ba..."

"Ni na karya! Da wasiƙa ta goma sha tara na karya."

Ta zaro ta daga aljihun rigar ruwanta. Ba sai ta buɗe ba, ta haddace ta tsaf: muna baƙin cikin sanar da ke, aji ya cika. Yara shida kacal ake ɗauka a aji na musamman na masu larurar galahanga, ita kuwa duk firamaren da ta nema wa ɗanta Lorcan, sai a ce shi ne na bakwai, ko na ashirin. Shekararsa shida ke nan. Bara ma haka aka yi, ya wuni yana leƙen sa'o'insa ta taga da jakar makaranta goye a baya.

"Yayata ta samo masa gurbi a wata makaranta a birnin Limerick," ta ce. "Juma'a suke son amsa, kuma sai mun tare a can."

"Limerick! Shanu sittin gare ni, Dervla, tatsa safe da yamma..."

"Ban ce ka biyo ni ba."

Ƙarya take, so take ya biyo ta ko bangon duniya ne. Tana son mutumin nan har cikin ɓargonta, tun ranar da Lorcan ya kwanta a tsakar kanti yana ihu ya toshe kunnuwa, mutane suka zuba ido, Fintan shi kuwa ya ajiye kwandonsa ya zauna a ƙasa kusa da yaron har ya lafa. Uban da ya haife shi kuwa, jin bayanin likita ke da wuya ya tsallake Ostireliya, ko waiwaye.

Ta nuna filin su Fintan da ke bayan makarantar ƙauyen. "Shugabar makaranta ta gaya maka a gabana. An ba su izinin buɗe aji, malama ma akwai, wurin kafa ɗaki ne babu. In suka samu kusurwar can, za su fara a ɗakin littattafai kafin a gama gini. Ka yi wa Maminka maganar?"

Ya sosa ƙeya. "Na fara..."

"Ka fara! Wata uku kana farawa!"

"Kin san mutanenmu da ƙasa. Sunanta ne a takarda, kuma ba a taɓa yanka ko taku ɗaya daga gonarmu ba."

"Shekararka talatin da huɗu, Fintan, har yanzu sai an ce ka zauna kake zama."

Ta ɗora zoben a kan ginshiƙin ƙyaure, ta buɗe mota ta fito da Lorcan. Tunda mai gemu ya kasa, ita za ta je.

Ba ta zaga ta baya ba. Shekara biyu tana shiga gidan nan ta ƙofar baya kamar kowane ɗan gida, yau kuwa ta shafa wa idonta toka ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba, wadda ba a buɗewa sai ga fadan coci ko mai karɓar haraji ko ranar fitar da gawa. Sai da Nuala, mahaifiyar Fintan, ta yi kokawa da sakata kafin ta buɗu.

"Wa ya mutu?" tsohuwar ta ce.

"Babu kowa, Misis Hession. Magana na zo da ita."

Nuala ta ɗaga gira. Jiya Mami, yau Misis Hession. Ta juya kicin, Dervla ta bi ta. Lorcan ya zame hannunsa ya nufi katangar duwatsu da ke gaban taga, inda ya saba wasa.

"Za ki sha shayi."

"A'a, na gode."

"Sha mana, yanzu na dafa."

"A'a."

"Ɗan rabin kofi dai."

"Na ce a'a."

Butar ta tsaya cak a hannun Nuala. Kowa ya san a'a ta farko ladabi ce, ta biyu kunya, ta uku kuwa babu mai faɗinta a ƙasar nan sai wanda ya zo da yaƙi.

"To faɗi abin da ke tafe da ke."

"Kusurwar filin bayan makaranta. Ba don ni ba, don yara shida."

"Ba na sayarwa."

"Ban zo ciniki ba, roƙo na zo. Kuma ban iya shi ba, ki yi haƙuri da yadda ya fito."

Nuala ta dire butar. "'Yar nan, yaron nan me zai tsinta a makaranta? Ki bar shi gida a gabanki, ya fi kwanciyar hankali. Mu a zamaninmu..."

"A zamaninku ɓoye su kuke yi!" Muryar Dervla ta cika kicin ɗin. "A kulle a ɗakin baya kada maƙwabta su gani! Ɗana ba abin kunya ba ne. Ya san sunan kowace saniya a garkenku, wanda ke ma ba ki sani ba. Wallahi zai shiga makaranta da rana tsaka, ta babbar ƙofa, ko a nan ko a Limerick!"

Ƙofar baya ta buɗe. Fintan ne, ko takalmi bai cire ba, ya tako har tsakiyar daɓen da uwarsa ta goge da safe.

"Fintan! Takalmi!"

"Na gani, Mami." Bai ja da baya ba. "Ban taɓa ƙetare maganarki ba tun ina yaro. Yau zan ƙetare. In Dervla ta tafi Juma'a, ina cikin motar. Ki nemi mai tatsa."

"Ka bar gonar ubanka a kan ɗan da ba naka ba?"

"Nawa ne. Tun a ƙasan kanti ya zama nawa."

Hawaye ya ɓalle wa Dervla, ta share da sauri, don ba ta so tsohuwar ta gani. Amma Nuala ba ita take kallo ba. Ta taga take kallo. Lorcan ya jera ƙananan duwatsu a kan katanga, daga babba zuwa ƙarami, yana girgiza hannuwa don murna.

Nuala ta matsa jikin tagar.

"Haka Malachy yake yi," Nuala ta ce a hankali. "Daga babba zuwa ƙarami."

"Wane ne Malachy?" Fintan ya tambaya.

"Kawunka."

"Ai ba ni da kawu..."

"Kana da shi. Ƙanena ne." Ta laluba kujera ta zauna. "Ba ya magana. In an kaɗa ƙararrawar coci sai ya shige ƙarƙashin tebur. Malami ya ce ba shi da wurin irinsa. Yana shekara bakwai wata baƙar mota ta zo, aka fitar da shi ta ƙofar gaba, babanmu ya ce kada wanda ya sake ambaton sunansa. Ina shekara tara. Ni na riƙe masa jaka." Ta sake duban taga. "Bai dawo ba. A can gidan da ake tsare irinsu ya rasu."

Dervla ta ji duk faɗan da ta ƙunso ya zube. Ashe tun ɗazu kan gyambo take taka wa baiwar Allah ba ta sani ba.

"Filin nan da shi aka kawo ni gidan nan aure," Nuala ta ci gaba. "Da Malachy na nan, nasa ne, shi ne namiji. Shekara hamsin ban bari an sa masa garma ba, kuna cewa rowa ce. Ta yaya zan taɓa abin da ba nawa ba?"

"Mami..." Dervla ta durƙusa gabanta ta kama hannunta. "Ki yafe mini."

"Me zan yafe? Abin da na kasa faɗa ina shekara tara ne kika faɗa." Ta fyace hanci, ta dawo da muryarta ta kullum. "Kai, dogon banza, kira lauya, gobe zan sa hannu. Amma da sharaɗi. A rubuta sunan Malachy a ƙofar ajin, da manyan baƙaƙe, yadda duk mai zuwa coci zai gani."

Fintan ya zaro zoben daga aljihu, ya nuna wa Dervla. "A kan ginshiƙi na tsinta. Ko kin san mai shi?"

"Sai da ka fara ka gama tukuna," ta ce, tana dariya tana kuka, ta miƙa masa yatsa.

Nuala ta ɗauki buta. "Za ki sha shayi."

"A'a, na gode."

"Sha mana."

"To... ɗan rabin kofi."

Ta cika mata shi fal. "Kuma daga yau ta baya za ki riƙa shigowa. Ƙofar gaban nan ta ɗauke mini yaro ɗaya, ya isa."

Ranar da aka koma makaranta, Nuala ce ta riƙe wa Lorcan jaka har bakin aji. Da aka tashi kuma ita ce ta farko a bakin ƙyaure, tana jira ta mayar da shi gida.